Takin da Ya Kusa Kai Ni Bariki

Jar akuyar Inna aka sayar aka yi mini kuɗin mota. Kai Habu, ajiye wayar nan ka saurara! Na sauka Sabon Gari na kama dako a kasuwa, ranar da ba ciniki in hau bas zuwa Samaru in ɗaukar wa ɗalibai katifa.

Ɗaki kuwa a gidan Mama Nkechi na samu, wai lanledi, wato mai gidan haya. Mace mai kirki, amma tsoro kamar farar kura.

Kun san kuɗi a hannun ɗan ci-rani narkewa suke yi. Sai na riƙa sayen takin zamani mudu-mudu ina tarawa a ƙarƙashin gado, don gonar Baba ta gaji, shekara biyu ba mu cika rumbu ba.

Rannan da rana tsaka na dawo, na tarar da ƙofata a buɗe, 'yan haya sun yi cirko-cirko.

"Sale, ashe kai jihadis ne!" in ji Mama. "Ga gemu, ga ka daga gabas, ga kayan bom! Na kira soja."

Ba ta kaina nake yi ba, ta takin nake yi. In aka kwashe, me zan gaya wa Baba?

Na ce, "Mama, su waye jihadis?"

"Masu kashe mutane, kullum ana faɗa a rediyo."

"Waɗannan 'yan ta'adda ne, su suka ƙone kasuwar garinmu. Jihadin da malaminmu ya koya mana shi ne mutum ya danne zuciyarsa ya ci halal. Nawa jihadin ga shi nan a buhu."

Ashe sojan da ta kira Baba Yakubu ne, tsohon saje mai gadi a maƙwabta. Ya ɗebi takin, ya murza, ya sunsuna, sai ya tuntsire da dariya.

"Madam, wannan bom ɗin masara yake tayarwa! Kai kuma nawa ka sayi mudu? An cuce ka."

Kunya ta rufe ta. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na danne. Na ɗebi gwangwani guda na barbaɗa wa kabewarta a bayan gida. Mako uku, ganye ya rufe katanga!

Ranar da zan tafi, har tasha ta biyo ni da wani buhun a kan babur.

"Ka kai wa Babanka nawa bom ɗin."

Shekarar nan sai da muka gina sabon rumbu. Geron da muka fara sussukawa kuwa, Sabon Gari na aika wa Mama da shi.