Mahauci a Rumfar Ganye

A rumfar kayan lambu, mai rumfar ta dubi dattijon da ke zaɓar alayyafo.

"Baba, ba kai ne mahaucin bakin kasuwa ba? Yau kuma ganye?"

"Bari, 'yata. Tun da aka yi min aikin ciki, likita ya ce ganye da wake kawai. Wata huɗu ke nan."

"Ai ka yi fes, har tumbin ya tafi."

"Fes? 'Ya'yana akuya suke kirana. Kwanona daban, tabarmata daban."

"To, ka ɗan taɓa naman mana."

"Ba nama nake kwaɗayi ba. Hannuwansu nake so in gani cikin kwanona. Zuba min kaɗan, ni kaɗai zan ci."