Layi ɗaya a rana, ni da Baba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, iyayena da 'yan'uwana. Sunana Rahila. Aikin koyarwa ne ya kawo mahaifina Gure, a nan na tashi.

Tun ina ƙarama, abin da kunnena ya ji sau ɗaya ya zauna. Lissafi kuwa da ka nake gamawa kafin mushe, malaminmu, ya ajiye alli. Baba ya riga ya gaya wa kowa 'yarsa likita za ta zama. Amma in na dubi tablo, wato allon aji, sai baƙaƙen su cakuɗe mini kamar tururuwa. Da hadda na yi ta wucewa, har na kai ajin da hadda ba ta isa. Baba ya ce, "Kai gare ki, Rahila. Lalaci ne kawai."

Na faɗi jarrabawa, na sake faɗi, aka sallame ni daga lakwal, wato makaranta. Na daina zuwa sujada don kada a miƙo mini littafi. Akwai ranar da na roƙi Allah ya ɗauki raina.

Sai ciwon sukari ya cinye idon Baba. Wata safiya ya ce in karanta masa Maganar Allah, wurin da ban taɓa ji ba. Na yi ta tuntuɓe a layin farko. Ya saurara, sannan ya tambaye ni:

"Me kike gani a takardar?"

Na gaya masa. Ya yi kuka. Ya lalubo hannuna ya yi addu'a: "Ubangiji, ka ba ni yarinya, ban san ta ba. Ka nuna mana inda za mu fara."

Ya ce mu ajiye zancen likita, layi ɗaya a rana ya ishe mu. Nakan rufe sauran shafin da kwali. Kalmar da ta gagare ni in zana ta a rairayin tsakar gida, in faɗa masa baƙaƙen, mu haɗa tare. Burinmu mu gama babi guda kafin damina.

Bai kai damina ba. Ni na ƙarasa babin a ɗakinsa, da ƙarfi, ba mai ji.

Har yau a hankali nake karatu, amma kunyar ta fita, son mutuwar ma ya fita. Na gode wa Yesu. Iyaye, in ɗanku ya tsaya, ku zauna da shi tun da sauran lokaci, ku dogara ga Ubangiji da ɗan abin da yaron zai iya yau. Amin.