Don In Riga Wekesa Tashi

A wani shagon kayan mota a titin Kirinyaga, Nairobi, wani dattijo ya leƙa abin da na gabansa ya zaɓa.

"Ɗana, wannan kwanbatar, mai haɗa inji da giyar mota, ta 'yan tsere ce, tana dafa mai. Haɗa da kula mai sanyaya man, kada cunkoso ya ƙone maka giya."

"Baba, bar zancen kula. So nake in riga maƙwabcina Wekesa tashi a danja."

"Me ya yi maka?"

"Ba komai. 'Yata ce ta fi son ya kai ta makaranta, wai motarsa ta fi gudu."

"To, ranar da taka ta mace a hanya da yarinyar a ciki, wa zai tsaya ya ɗauke ta?"

Mutumin ya juya. "Mai shago, kawo kular. Babbar."