Maficin Tuvalu da garwashin Inna

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hadiza, ɗaliba a Lyon.

Ina da abokiyar karatu 'yar Tuvalu, wata ƙaramar ƙasa a tsakiyar teku. Da za ta sauya ɗaki, ta ba ni ajiyar mafici. Marigayiya kakarta ce ta saƙa shi da wani ganye mai kama da kaba. Na rataye shi a bango.

Da Inna ta zo daga Damagaram, ta ga mafici yana zaman banza, sai ta sauke shi ta fifita garwashin turare. Gefe ɗaya ya ƙone. Na yi magana, ta ce, "Ke, wa ke rataye mafici kamar hoto?"

Na zaga kasuwannin Lyon har Paris, ban samu irinsa ba. An ce sai Funafuti, babban birnin Tuvalu, wurin matan da ke sayarwa kusa da filin jirgi.

Ranar Asabar abokiyar tawa za ta zo karɓar ajiyarta. Inna ta ce a haɗa mata da nata na kaba, wanda ita ma uwarta ta saƙa. Masu sauraro, wannan ya isa ban haƙuri?