Na Hagu Nawa Ne

Tsoho Tijani yana jiran taksi a bakin wani garaji a Tamanrasset, sai ya ji wani saurayi yana zagin motarsa kat-kat, mai ja da ƙafa huɗu, mai buɗaɗɗen baya.

"Me ta yi maka, ɗana?"

"Baba, cikin rairayi ta kafe a hanyar Silet. Na ja sandar ƙafa huɗu, amma tayoyin baya kaɗai ke juyawa."

"Ka sauka ka murɗa makullan tsakiyar tayoyin gaba?"

"Na murɗa na dama. Na hagu ya ƙi motsi."

"Ƙasa ce ta cika shi. Kwance shi ka wanke da gazuwal, wato man dizal, ka shafa giris kaɗan."

"Ni sayar da ita zan yi. Sababbin daga zaune suke kamawa, ba sai an sauka ba."

Tijani ya shafa tayar a hankali.

"Irin wannan motar muke ja daga Agadas, ni da ƙanena Tasi'u. Da mun hango rairayi sai mu dira, ni hagu, shi dama. In ya riga ni gamawa, ya leƙo yana min dariya."

"Yana ina yanzu?"

"Allah ya yi masa rasuwa."

Taksi ta tsaya, Tijani ya yi mata hannu ta wuce.

"Kawo kayan aikinka. Na hagu nawa ne. Kai je ka tsaya a dama."