Maraƙin Abu da Kyautar Sallar Bana

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan zama, Alhaji Yari, wakilin Hakimi. Mai girma jami'in ilimin manya, wanda ya bar aikin ofis ya tako da ƙafarsa. Liman da na'ibinsa, Allah ya ƙara lafiya. Malaminmu Malam Izzuddin, wanda ya kama hannuwanmu masu kanta ya ɗora su a kan alƙalami. 'Yan kwamitin kyautar Sallah. Iyayenmu mata da ke bayan zana. 'Yan'uwana ɗaliban ajin manya na Gwadangaji. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni ne Maigandi Labbo Ambursa, masinja a sakatariya, kuma shugaban ɗaliban wannan aji. Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan wata na azumi, ina godiya ga magabata da suka ba ni damar tsayawa a gabansu. Wannan jawabi ni na rubuta shi da hannuna, babu wanda ya riƙe mini alƙalami, kuma shi ne na farko da na taɓa rubutawa. Na so ƙwarai ya zama jawabin murna. Allah bai nufa ba.

Abin da ya tara mu sananne ne. Kwamiti ya kawo shawarar cewa kyautar da za mu raba wa malamai da baƙi da yaranmu a Sallar bana ita ce cakulan, wato alawar nan ta ɗanyar madara da ake yi a cikin gari, a zuba mata baƙin gari, a naɗe ta a takarda mai ƙyalli. Tun da aka ba mu jiha, ma'aikata suka sauko daga Sakkwato, ita ce ta zama kyautar girmamawa a Birnin Kebbi. Ban zo in ce haramun ce ba, wannan fagen malamai ne. Na zo in faɗi inda madarar take fitowa, domin na gani da idona, gani kuwa ya kori ji.

Da farko, sai in tuna wa jama'a al'adarmu ta amanar kiwo. Wanda yake da saniya ba shi da wurin kiwo, yakan kai ta ruga. Makiyayi ba a biyan shi, nono ne ladansa, abin da ta haifa kuma na mai ita ne. Iyayenmu sun yi wa wannan al'ada iyaka, suka ce kan nonon saniya huɗu ne, biyu na ƙwarya, biyu na ɗa. Da haka makiyayi yake sha, da haka maraƙi yake girma, babu wanda ya taɓa kai ƙarar wani.

Ƙanwata Abu, wadda ke zaune a Argungu, mijinta Malam Riskuwa ya rasu ya bar mata yara ƙanana, da 'yar gonar shinkafa a fadama, da saniya guda, bokolo, wadda take kira Ta-Malam. Saniyar tana hannun wani makiyayi, Hodi, a rugarsa ta bayan Ambursa. Bara waccan ta haifi namiji. Ranar da labari ya isa Argungu, Abu ta raba waina a unguwa, domin ta ga san huɗa a gabanta. Ta ga ranar da za ta daina bin masu garma tana roƙo, sai sun gama nasu sannan su waiwayi nata, ruwa ya riga ya wuce.

Ruwa ba ya tsami banza. A ranin shekarar ne mai yin alawar nan ya fara aika babur rugage sayen nono. Sai aka koma ana kwance maraƙi daga dangwali, igiyar da ake ɗaure su, a kai shi ga uwa ya ɗan tsotsa don nono ya sauko, yana fara haɗiya a fizge shi a mayar. Biyun ƙwarya na ƙwarya, biyun ɗa su ma na ƙwarya.

Da bazara ta yi zafi Hodi ya aiko cewa maraƙi ba shi da lafiya. Na tafi Argungu na ɗauko Abu, muka iso ruga da hantsi, daidai lokacin tatsa. Tun daga nesa ta hango Ta-Malam a gindin wata gawo, da maraƙi tsaye a gabanta, tana lasar shi. Abu ta kama hannun rigata tana dariya, ta ce, "Yaya, ga shi can tsaye! Wa yac ce ba shi da lahiya? Kai Hodi da tsorata mutane!"

Ta riga ni isa. Jama'a, ba maraƙi ba ne. Maraƙi ya mutu tun kafin a aiko. Fatarsa ce aka feɗe, aka cusa mata busasshen haki, aka ɗinke, aka kafa ta a kan sanduna huɗu, aka barbaɗa mata gishiri a gadon baya. Domin saniya idan ba ta ji ƙanshin ɗanta ba takan riƙe nononta. Ga Ta-Malam tana lasar fatar, tana wannan ƙaramin kuka da saniya ke yi wa ɗanta, ga nono yana zuba a ƙwarya, ga mai babur yana jira da jarka.

Abu ta ɗora hannu a wuyan fatar, haki ya leƙo ta wajen ɗinki. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Hodi, ƙaryar da kay yi mini na yahe. To ita Ta-Malam fa?"

Hodi ya ajiye ƙwarya, dattijo da furfurarsa, ya rufe fuska da rawani. Ya ce, "Inna Abu, mi kika so in yi? Da can in nono ya yi yawa har kare muka ba. Yanzu mai alawa ya ce ko ɗigo kar in rage, in na rage shi koma ga maƙwabcina. Ni ma ɗiya gare ni."

A nan nake so jama'a su fahimce ni. Ban hau wannan wuri don in tozarta Hodi ba. Na san shi tun muna yara, bai taɓa cin amanar akuya ba balle saniya. Hannunsa ne ya tatsa, amma ba cikinsa nonon ya shiga ba. Ya shigo gari, ya shiga takarda mai ƙyalli, ya shiga aljihun manyan riguna, aka miƙa shi da hannu biyu ana cewa barka da Sallah. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa dabba tana da hakki, kuma mai tatsa ya bar wa ɗa rabonsa. Dabba ba ta da bakin kai ƙara gaban Hakimi, ba ta da hannun rubuta koke, amma tana da Ubangijin da zai tambaya a madadinta.

Magana ta biyu ita ce dalilin da ya sa ban bar wannan magana ta kwanta ba. Ta-Malam ta sake haihuwa gab da kamawar azumin nan. Namiji ne kuma. Na je na gan shi, ƙafafunsa ba su gama ƙwari ba, cibiyarsa ba ta daɗe da bushewa ba. Mai alawa kuwa ya riga ya gaya wa Hodi cewa idan aikin kwamitinmu ya tabbata, yana son kowane ɗigo daga nan har Sallah, domin aikin da yawa, rani ne, shanu ba su da nono. Idan bai tabbata ba, abin da ake ba shi kullum ya ishe shi, Hodi kuma ya yi rantsuwa a gabana zai bar wa ɗan rabonsa. Ashe ke nan hukuncin wannan maraƙi ba a Ambursa yake ba. Yana nan a kan tabarmar nan da muke zaune.

Saboda haka nake roƙo, da murya ta ladabi, a mayar da kyautar bana dabino. Buzaye sun sauke shi a kasuwa buhu-buhu. Yana da zaƙi ba a sa mashi sukari ba. Ba ya narkewa a aljihu ya ɓata wa mutum shadda. Da shi muke buɗe baki, da shi ake ɗaura aure, da shi ake raɗa suna. Uwa uba, ba a raba wata uwa da ɗanta kafin a tsinke shi, kuma ba a taɓa jin bishiya ta kwana tana kuka don an sauke mata 'ya'ya ba.

Na san ana da ja. Abokina Tamba, ɗan kwamiti, ga shi can yana murmushi, ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "Maigandi, daga koyon baƙi da wasali sai ka zama lauyan shanu? Mu yanzu babban birnin jiha muke. So kake baƙi su ce mutanen Gwadangaji ba su waye ba, sun ba mu abin tsohuwa?" Na ce da shi, "Tamba, kai da haƙoranka uku suka rage, tsakanin dabino da alawa wanne ne ma ya fi maka sauƙi?" Muka yi dariya muka rabu. Amma amsar gaskiya a nan zan ba shi. Idan wayewa ita ce a naɗe yunwar wani a takarda a miƙa wa wani, to ba ita Malam Izzuddin ya koya mana ba. Kuma baƙon da zai raina dabino, ban san a wane gida aka yi renonsa ba.

Ban ce mu kaɗai za mu gyara rugagen bakin kogin Rima ba. Akwai masu saye da ba su cikin wannan zama, akwai maruƙan da ban san sunan masu su ba. Wannan ɗaya dai na sani, kuma yau yana hannunmu.

Abu tana nan bayan zana. Tun asuba ta baro Argungu da azumi a bakinta. Na ce ta tashi ta yi magana da kanta, ta ƙi, ta ce ita ba ta yi aji ba. Saƙo guda ta ba ni, na kuma rubuta shi yadda ta faɗa. Ta ce, "Yaya, ka ce musu ban hana kowa daɗin Sallarshi ba. In alawar suka so, su yi mini haƙuri kaɗan, su bari sai ya fara cin haki."

Duk abin da na faɗa ya faru a gaban shaidu, kuma suna raye, ana iya tambayar su. Akwai Hodi da kansa, wanda ya ce in ambaci sunansa ba ɓoyo. Akwai matarsa Baiwa, wadda ta riƙe Abu a ranar. Akwai Abdussamadu mai babur, wanda ya jira da jarka. Akwai Sunusi, mai gonar albasa ta kusa da rugar, wanda ya taya mu sauke fatar daga kan sanduna muka binne.

Allah ya karɓi azuminmu. Allah ya ƙara wa shugabanninmu adalci, ya ƙara wa malamanmu haƙuri da mu. Allah ya zaunar da jiharmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Allah ya jiƙan Malam Riskuwa, ya raya abin da ya bari, na ɗaka da na ruga. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Shugaba, na gama nawa, saura ɗaga hannu. Na gode.