Geron da Inna Hure ta ce a binne

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Safana.

A shekarar da ɓarayin daji suka matsa mana, mun zauna ƙofar mai gari muka yanke shawarar tara geron kowa a rumbuna wuri guda, mu riƙa gadi. A garinmu mace ba ta zama wajen shawara. Sai ga Inna Hure, ungozomarmu, ta tsaya bayan zana ta ce, "Ranka ya daɗe, in aka cinna wa rumbunan wuta, me za mu tuƙa wa 'ya'yanku? Ku ba mu mu sussuke, mu binne a tukwane cikin ɗakunanmu."

Ni na fara cewa, "Inna, koma gida." Amma mai gari ya ce a ba mata rabin geron.

Ranar kasuwa ɓarayin suka shigo, suka ƙone rumbunan ƙurmus. Geron tukwane muka ci har kaka.

Masu sauraro, ku ba mu shawara: har yanzu wasu sun ƙi a shimfiɗa wa mata tabarma wajen taro. Ina gaida Inna Hure. Inna, ki yafe mini.